Elmina da hanyoyin da suka gangaro mata

Aikina koyar da tarihi a makarantar sakandare, kuma cinikin bayi na Tekun Atlantika yana cikin abin da nake karantar da ɗalibai kowace shekara. Da muka je kwas na ƙarin ilimi a Jami'ar Cape Coast ta ƙasar Gana, sai aka haɗa mana da aikin fita: mu zaga Elmina da Cape Coast da garuruwan da ke bayansu, kowa ya kawo rahoto. Abin da na fi ƙaruwa da shi a wannan zagayen shi ne cewa garin bakin teku ba a gane shi daga bakin tekun kaɗai. Sai ka juya wa ruwa baya, ka bi hanyoyin da suka gangaro masa daga cikin ƙasa.

Malamin da ke kula da mu bai bari mun fara da shiga sansanin Turawa ba, ko da yake shi kowa ke ɗokin gani. Tudun da ke fuskantarsa ya sa muka hau, inda ƙaramin sansanin St. Jago yake. Daga can komai a fili yake: farin ginin da 'yan Fotugal suka kafa a 1482, tafkin Benya maƙil da kwalekwale, filayen da ake dafa gishiri da rana, da rufin kwanon gari ya bazu har inda ido ya tsaya. Daga wannan tudun ne 'yan Holan suka girke igwa a 1637 suka yi wa sansanin ruwan wuta har 'yan Fotugal suka sallama, shi ya sa da suka karɓe shi suka yi maza suka gina wa tudun nasa sansanin. Ɗalibi zai iya haddace shekarar 1637 ya ci jarrabawa, amma wanda ya tsaya a kan tudun nan ya dubi ƙasa ba ya bukatar a gaya masa dalilin faɗuwar sansanin. Tun daga ranar ba na fara darasin yaƙi ko na ciniki ba tare da na zana yanayin ƙasar a allo ba.

Cikin sansanin kuwa, ba na jin akwai mai shiga ya fito yadda ya shiga. Kurkukun mata yana ƙasa, duhu da danshi da wani wari da har yau bai bar katangun ba. A samansa akwai barandar da gwamna ke tsayawa ya leƙo farfajiyar da ake fito da su, sannan 'yan Holan sun yi ɗakin ibadarsu a benen da ke kan wannan ɓangaren. Ƙofar da ake fitar da mutane zuwa jirgi ƙuntatacciya ce, sai mutum ɗaya ɗaya, shi ma a karkace. Wata baƙuwa daga Amurka da aka haɗa mu zagaye da ita ta dafa bakin ƙofar ta fashe da kuka, mu duka muka yi tsit har ta gama. Na yi mata uzuri ƙwarai, ni ma ƙirjina ya yi nauyi. Amma malamin tarihi ba ya tsayawa a kan nauyin ƙirji, dole ya tambaya: su wane ne waɗannan mutanen, daga ina aka taho da su, wa ya sayar da su?

Kafin amsar wannan, akwai wani fili da yawancin baƙi ke ratsawa ba su kula ba, a yamma da sansanin. Nan ne asalin garin Elmina, wanda mutanensa ke kira Edina. Garin ya daɗe da ƙawance da Ashantawa, don haka da Holan ta miƙa wa Ingila sansanin a 1872, da yawa daga mutanen gari suka ƙi yin mubaya'a. A watan Yuni na 1873 Ingilishi suka juya bakin igwa kan garin suka ƙone shi ƙurmus, sarkinsa Kobina Gyan kuwa tun kafin nan sun riga sun kai shi zaman gudun hijira Saliyo. Ba a sake gina wurin ba. Masu binciken kufai ne suka zo daga baya suka tono harsashin gidajen dutse, da kasko, da tsakiya, da lofen taba. Haka nan a cikin sansanin aka tsare sarkin Ashanti Prempeh na ɗaya a 1896, kafin a wuce da shi Saliyo, daga can kuma tsibirin Seshel. Ginin da ya tsaya shi ake nuna wa baƙi, garin da aka rushe kuwa sai wanda ya tambaya. A ganina mai koyar da tarihi yana da alhakin garin da aka rushe fiye da na ginin, domin ginin yana da masu yi masa magana.

Wani abin da littafin aji ke tsallakewa shi ne, zinari ne ya fara kawo 'yan Fotugal wannan gaɓa. A farkon zamansu har bayi suke sayowa daga yankin masarautar Binin, a Najeriya ta yau, su kawo Elmina su sayar wa attajiran Akan, wato ƙabilun yankin da Ashantawa ke cikinsu, a biya su da zinari. Zinarin nan kuwa a da arewa yake nufa, ta hannun Wangarawa, fataken da suka fito daga ƙasar Mali, ya ratsa Sahara. Sai a ƙarni na 17 zuwa na 18 ne fitar da mutane ya rinjayi fitar da zinari a wannan gaɓa.

Daga Cape Coast muka ɗauki hanyar Kumasi zuwa Assin Manso, tafiyar wajen kilomita 40. A nan akwai rafin da ake cewa a cikinsa ake yi wa waɗanda aka kamo wankan ƙarshe, a yi musu aski, a shafe su da mai, don su yi daraja a idon mai saye. Rafin ƙarami ne, gora ta yi masa rumfa, ruwansa a natse, kuma babu abin da zai nuna maka abin da ya faru sai allunan da aka kafa. A 1998 an dawo da ƙasusuwan mutum biyu, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka binne su a wurin. Ɗan jagora ya nuna arewa da hannu ya ce daga can ake gangaro da su, ya ambaci Salga, wani gari a arewacin Gana.

Sunan nan ya tsaya mini a rai, domin duk Bahaushen da ya taɓa jin labarin fataucin Gwanja ya san Salga. Nan ayarin fatakenmu ke yada zango, madugu a gaba, jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi da kayan fata, su koma da goro. Kuma a kasuwar nan ana sayar da mutane, fatakenmu na cikin masu saye da sayarwa. Sai dai a nan ne kula da shekaru ke da amfani. Ingila ta haramta wa jiragenta jigilar bayi a 1807, Holan ta bi baya a 1814, shi kuwa fataucin goro na Hausawa a ƙarni na 19 ya fi bunƙasa. Saboda haka yawancin waɗanda aka sayar a Salga a zamanin fatake gonaki da gidajen Ashanti da na bakin teku suka nufa. Wannan bai rage wa abin muni ba, ya dai sa a ɗora kowane laifi a kan mai shi. Wasu ma daga cikin 'yan arewan an saye su a Kumasi aka sa musu kakin sojan Holan, cikin mutum wajen 3,000 da aka ɗiba tsakanin 1831 da 1872 zuwa tsibirin Jaba na Indonesiya ta yau. Waɗanda suka dawo sun zauna a wani tudu a Elmina da har yanzu ake kiransa da sunan Jaba.

A zangon da ke kusa da kasuwar Kotokuraba ta Cape Coast na zauna da wani dattijo bayan sallar la'asar, ana sayar da koko da ƙosai a gefenmu. Na tambaye shi yadda Hausawa suka zo garin.

"Ɗana," in ji shi, "wasu goro ya kawo su, wasu karatu, wasu kuma bindigar Bature suka ɗauko. Kada ka rubuta guda ka bar biyu."

Na ce, "In Allah ya yarda, Baba, duka zan rubuta."

Maganarsa tana kan hanya. Rundunar da wani jami'in Ingila mai suna Glover ya kafa a Legas, wadda ake kira ta Hausawa ko da yake ba duka ne Hausawa ba, an kawo ta wannan gaɓa ta yi wa Ingila yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874, wanda ya ƙare da ƙone Kumasi. Da yawansu bayi ne da suka gudo suka sami mafaka a aikin soja. Ka ga ke nan a labari ɗaya mutanenmu sun fito a matsayin fatake, da malamai, da waɗanda aka sayar, da kuma masu riƙe wa Bature bindiga.

Mun leƙa dajin Kakum, inda aka ɗaura gadar igiya a kan dogayen itatuwa. Abin da ya fi jan hankalina a yankin dajin shi ne wani itace da mutanen can ke kira wawa, wanda daga gungumensa guda ake sassaƙa gindin manyan kwalekwalen da ke tafkin Benya. Masuntan nan ba sa fita teku ranar Talata, a ranar suke zama gyaran taru, kuma a Talatar farko ta watan Yuli ake bikin Bakatue na buɗe tafkin. Mata ke sayen kifin su yi bandarsa, hayaƙi ya lulluɓe unguwa, sannan a loda shi a mota zuwa Kumasi da arewa, ta hanyar da muka bi zuwa Assin Manso. Da na zauna da su, ba wanda ya yi mini zancen sansani. Kukansu ƙarancin kifi ne, da manyan jiragen da ke kwashe ƙanana tun ba su girma ba, da tsadar man inji. Wannan ma na sa shi a rahotona, don garin da mutane ke kwana su tashi a cikinsa bai kamata a rubuta shi kamar kufai ba.

Yanzu idan na zo wannan darasi, daga Kano nake fara zana hanya a allo, in bi da ita Salga, in sauko Kumasi da Assin Manso, sai a ƙarshe in kai Elmina, kowane zango da shekarunsa. Ina kuma gaya wa ɗalibai cewa a Arewacin Najeriya sai a 1936 aka soke bauta kwata-kwata a doka. A nan ne ajin ke ɗaukar zafi. Wani yaro ya taɓa ɗaga hannu ya ce, "Malam, ke nan kakan kakana zai iya zama ya gani da idonsa?" Na ce masa ƙwarai kuwa, na kuma ba ajin aikin gida: kowa ya je ya tambayi dattawan gidansu abin da suka ji game da fatauci da rinji, ya rubuto da sunan garin da aka ambata, mu sa shi a kan taswirar.