Kafin ki ce "na bar masa yaran", ki fara tambaya

Ƙannena mata, ba mai son jin zancen mutuwar aure, amma gara ki san haƙƙinki tun kina zaune lafiya a ɗakinki. Ranar da abin ya zo, kai ba ya ɗaukar karatu.

Ni kunya da zuciya suka cuce ni. Da aka miƙo mini takardar saki, aka ce ai 'ya'ya na uba ne, ban tambayi kowa ba. A gaban manya na ce na bar masa su, don kada a ce na cika kwaɗayi ko taurin kai. Ƙaramar sai da aka ɓamɓare yatsunta daga bakin mayafina.

Sai daga baya wata lauya ta zaunar da ni. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'ar Musulunci na Arewacin Najeriya ke bi, uwa ce ta fi kowa haƙƙin riƙon yara: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Ko uwar ta auri bare, riƙon yakan koma wa mahaifiyarta kafin a zo kan dangin uba. Ciyarwa da sutura kuwa suna wuyan uba, ko a hannun wa yaran suke. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne jin cewa uwar da ta sarayar da riƙo da bakinta, ba da wani uzuri ba, ba kasafai yake dawo mata ba. Kalma ɗaya na furta cikin fushi, ta zama hujja a kaina.

Saboda haka kada ki yafe komai a ranar da kike kuka. Ki ce a ba ki lokaci. In saki na kome ne, a ɗakinki za ki yi idda, haka aya ta 1 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce, kuma ciyar da ke na kansa.

In ke ce mai neman rabuwa, ki bambance hul'i da raba aure saboda cutarwa. A hul'i kina fansar kanki, galibi da mayar da sadaki. Amma idan duka ne ko rashin ciyarwa, kuma kina da shaidu, alƙali na iya raba ku ba ki biya ko sisi ba. Mata da yawa sun ci bashi sun biya abin da ba ya kansu, wannan kuwa zalunci ne.

Rashin kuɗin lauya ba ya hana tambaya. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, mai taimaka wa mata da yara kyauta, akwai kuma hukumar Legal Aid Council da gwamnatin tarayya ta kafa a 1976 don marasa ƙarfi. Sulhu alheri ne, ina ƙaunarsa, sai dai ko a gaban iyaye ko Hisba aka yi shi, a rubuta: nawa ne kuɗin ciyarwa, yaushe za a riƙa bayarwa, wa zai biya makaranta da asibiti. Shaidu su sa hannu.

Ki adana takardar saki, ki ɗauki hotonta a waya. In an je kotu, ki karɓi kwafin hukunci wurin rajistara, ki tambayi wa'adin ɗaukaka ƙara a ranar, don gajere ne.