Shekara Guda Ina Farautar Jinjirin Wata a Hanyar Jibiya

Ina ɗan firamare aka yi husufin rana na Laraba, 29 ga Maris, 2006. Katsina na cikin garuruwan da inuwar wata ta ratsa ta kansu, don haka da hantsi gari ya yi duhu na kusan minti huɗu, kaji suka nufi akurki, masallatai suka cika. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne tun kafin ranar an faɗa a rediyo cewa za a yi, har da lokacin. Na tambayi Baffana, ladanin unguwarmu, yadda aka yi suka sani. Ya ce, "Lissafi ne, yaro. Mu ma garin nan an yi masu shi." Sai da na girma na gane irin su wa yake nufi: Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da falaki, wanda ya bar ƙasar nan ya je aikin hajji, ya zauna Alƙahira har ya rasu a 1741.

Da na kai aji huɗu a sashen fizik, lokacin zaɓen aikin kammala digiri, abokaina suka rarrabu tsakanin farantin sola da gwajin ruwan rijiya. Ni na ce jinjirin wata zan bi. Malamin da aka ba duba aikina ya ɗago kai ya ce, "Ka san nan ba Nsukka ba ce ko? Can ne ke da sashen fizik da ilimin taurari, ga cibiyar NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, kusa da su. Ina na'urarka?" Na ce, "Ido, ranka ya daɗe." Ya yi dariya, amma ya sa hannu.

Tambayar da na ɗauko ba ta da tsawo. Wata na ɗaukar kwana 29 da awa 12 da minti 44, a matsakaici, daga haɗuwarsa da rana zuwa haɗuwa ta gaba. Bayan sun haɗu, kullum yana ba ta rata da kimanin digiri 12. Wani Bafaranshe, André Danjon, ya nuna cewa idan tazarar ba ta kai kusan digiri 7 ba, jinjirin ba ya ganuwa. Daga baya Bernard Yallop na Ingila ya fitar da ma'auninsa a 1997, Muhammad Odeh ma ya fitar da nasa. Yallop da Odeh dukansu abu biyu suke haɗawa: yadda wata ya ɗara rana tsayi a lokacin duba, da kaurin jinjirin. Daga nan sai su ce wannan ido zai gan shi, wannan sai da madubin hangen nesa, wannan kuwa kada ma a wahala. To amma babu gurbin ƙura a cikin lissafin. Mu kuwa daga Nuwamba zuwa Maris cikin hazo muke kwana muke tashi. Shin ma'aunin nan zai yi aiki a samaniyar Katsina?

Na samu wani tudu a hanyar Jibiya, inda yamma take a buɗe, ba gini ba fitila. Kayan aikina mashin ɗin yayana, madubin hangen nesa mai ido biyu na aro, kwamfuta mai manhajar Stellarium da ke nuna inda wata da taurari suke a sama, da littafi mai ganye sittin. Baffa ya ce ba zai bar ni in tafi daji da magariba ni kaɗai ba, sai ya zama abokin aikina.

Fitar farko na sha kunya. Na kafe ido a inda kwamfuta ta nuna, har duhu ya shiga ban ga komai ba, alhali Baffa ya daɗe da gani a wani gefen, yana ta nuna mini da carbi. Da na koma gida na duba, ashe manhajar tana kan birnin Paris, ban sauya ta zuwa Katsina ba. Kamfas ɗin waya ma ƙarya ya riƙa yi mini saboda na tsaya jikin mashin, ƙarfe na jansa. Tun daga ranar na koma dabarar da ba ta cin batir: in lura da daidai inda rana ta faɗi, in yi alama da wata bishiya, in auna daga nan da hannu. Dunƙulen hannu idan ka miƙe shi sosai yana rufe kusan digiri 10, ƙaramin yatsa kuma kusan digiri 1.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni, don ban ma san kuskure ba ne. Bayan wata huɗu na kai wa malamina littafin ina taƙama. Ya buɗe ya karanta, ya ce, "Ina ranakun da ba ka gani ba?" Na ce ai ba abin rubutawa, tunda ban ga komai ba. Ya ajiye biro ya ce, "Kai iyaka kake nema tsakanin ganuwa da rashin ganuwa. Ka kawo mini gefe ɗaya na iyakar, ina ɗayan?" Sai a lokacin na fahimci cewa magaribar da na dawo hannu rabbana ita ce ta fi daraja a binciken. Na sake tsara littafin: lokacin faɗuwar rana, lokacin da na fara duba da lokacin da na haƙura, yanayin sama, da ko ina hango wata eriyar waya da ke can nesa, wadda na mai da ita ma'aunin hazo na talaka.

Akwai kuma yaudarar ido. Idan ka san inda wata ya kamata ya kasance, kana kuma so ka gan shi, ido zai ƙera maka shi. Wata magariba na yi kabbara na ce ga shi can. Baffa bai ko motsa ba, ya ce, "Ƙahonninsa ina suka duba?" Na ce ƙasa. Ya ce, "To wannan ba wata ba ne, zaren gajimare ne." Gaskiyarsa. Gefen da ke da haske dole ya fuskanci rana, rana kuwa tana ƙasa, shi ya sa a ƙasashenmu jinjiri kan fito kamar ƙwaryar da aka ajiye a buɗe. Mutumin da bai taɓa jin sunan Danjon ba ya yi mini tambayar da ta fi duk abin da na haddace amfani. Shi ne kuma yake lissafa mini taurarin damina, kowace da kwananta 13, yana nuna mini Kaza da 'Ya'yanta idan mun makara a hanya.

Hazon kansa sai da na karanta asalinsa. Mafi yawan ƙurar daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, iskar hunturu ta kwaso ta. Jinjiri kuma kullum a ƙasa-ƙasa yake. Hasken abin da ke digiri 5 daga doron ƙasa yana ratsa iska mai kaurin kusan ninki goma na wanda ke tsakar ka, a bakin doron kuwa ya kusa ninki arba'in. Zuba ƙura a cikin wannan hanyar ka ga abin da zai rage. Akwai ranakun da rana da kanta take ɓacewa tun ba ta kai ƙasa ba, balle siririn zaren wata. Don in samu adadi maimakon "hazo mai yawa" da "hazo kaɗan", na riƙa sauko da ma'aunin ƙura na na'urar MODIS da ke kan taurarin ɗan'adam na NASA, Terra da Aqua, da tsakar dare lokacin da data ke araha.

Magariba ɗaya ko biyu a wata ba za su tara bayanai ba, sai na ƙara da tsohon wata, wanda ke fitowa gabas kafin rana a ƙarshen wata. Lissafin ɗaya ne, an dai juya shi. Wannan ya yi wa Baffa daidai, tunda dama shi da Gamzaki suke tashi.

Abin da na samu bai kai a buga ganga ba. Idan sama ta wanku, musamman bayan ɗaukewar ruwa kafin hunturu ya kankama, abin da ma'aunin ya faɗa shi nake gani. Cikin hazo mai kauri kuwa, watan da lissafi ya ce ido zai gani cikin sauƙi sai ya gagare mu, mu biyu, har da madubin. Ranar kare aiki malamin da ya zo daga wata jami'a ya ce shekara ɗaya da idanu huɗu ba su isa a gina sabon ma'auni ba. Ban yi musu ba, don na riga na rubuta hakan da kaina a babi na biyar.

Yanzu duk ƙarshen Sha'aban da Ramadan wayata ba ta hutawa: "Malam, gobe ne?" Nakan ce zan iya faɗa maka inda watan yake, da minti nawa zai yi bayan faɗuwar rana, amma sanarwa ta Mai Alfarma Sarkin Musulmi ce, a jira ta. Ina shirin neman digiri na biyu a Nsukka, kuma na shawo kan wasu abokai a Daura da Funtuwa su riƙa cike irin takardata, ko an gani ko ba a gani ba. Littafi na uku nake ciki. Baffa ƙafa ta fara ba shi matsala, ba ya iya hawa tudun, amma duk ranar 29 ga wata da la'asar sai ya aiko yaro ya tambaya ko na zuba wa mashin mai.