Yadda nake koya wa ɗalibaina labarin faɗuwar Tenochtitlan

In ka duba littafin tarihi na sakandare za ka ga sunan Columbus da 1492, sai Cortes da 1519, shikenan, yara su haddace su zubar a jarrabawa. Ni dai wallahi abin yana damuna, domin mutanen da aka ƙwace wa ƙasar ba a cika maganarsu ba.

Shi ya sa nake fara ajina da birnin tukuna kafin Turawa su shigo. Tenochtitlan, babban birnin daular Aztek, inda birnin Mexico yake yanzu, a tsakiyar tafki aka gina shi, da hanyoyi a kan ruwa, da kasuwar Tlatelolco wadda su kansu Sifaniyawan suka tsaya suna kallo baki buɗe. Sai yaran sun ga birnin a ransu sannan nake kawo 1521, shekarar da Cortes, jagoran Sifaniyawan, ya ci birnin da yaƙi.

Tambayar da kullum suke yi ita ce yaya 'yan tsirarun mutane suka ci daula guda, to a nan nake daɗewa gaskiya, saboda ba bindiga da doki kaɗai ba ne, cutar agana ta shigo a 1520 ta kashe jama'a ba adadi har da sarki Cuitlahuac, kuma dubban mayaƙan Tlaxcala, 'yan asalin yankin kuma abokan gaban Aztek, suna bayan Cortes.

Daga nan sai in ce su tuna 1903, da Kano da Sakkwato da Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, in tambaye su su waye sojojin da ke riƙe wa Lugard bindiga. Mafi yawansu 'yan Afirka ne, har da Hausawa.