Darasin da na ɗauka daga Madani zuwa Gadarif

Da yaƙi ya ci garin Wad Madani na Sudan a watan Disamba na 2023, na fito da iyalina da jaka ɗaya muka sauka a Gadarif wurin 'yan'uwa. Shekarata ashirin da wani abu ina rubuta labarin ƙwallo, to zaman banza ya ishe ni. Sai wasu yara 'yan jami'a da karatunsu ya tsaya suka same ni, su tara, huɗu daga cikinsu Hausawa ne irina, suka ce: "Ustaz, koya mana aikin nan kafin a buɗe makaranta." Ajinmu inuwar darbejiya ce a ƙofar gidan wani kawuna.

Na fara da abin da na fi taƙama da shi, wato tarihi. Na gaya musu a Khartum aka kafa hukumar ƙwallon Afirka, CAF, a watan Fabrairu na 1957, ƙasashe huɗu: Sudan da Masar da Habasha da Afirka ta Kudu. Na ce Afirka ta Kudu ba ta buga gasar cin kofin Afirka ta farko ba, saboda ta ƙi haɗa baƙi da farare a tawaga ɗaya. Na kawo 1970 da muka ci kofin a gida, Ghana ta sha ɗaya da nema. Na kawo 1989 da ƙungiyar Marrikh ta Sudan ta doke Bendel United ta Najeriya ta ɗauko kofin zakarun kofuna. Duk sun rubuta, tsaf. Da na ba su aikin farko kuwa, abin da suka kawo mini shi ne: wane ya ci a minti kaza, wane ya rama. Tarihin nan ko ƙamshinsa babu a takardunsu. Laifina ne, na ba su shi kamar hadda.

Sai na canja dabara. Na tura su filin dafuri na bayan unguwa, inda yara ke buga ƙwallo da la'asar, na ce wanda duk ya rubuta mini yawan ƙwallayen da aka ci, zan yaga takardarsa.

Wata ɗaliba ce ta dawo da abin da har yau nake tunawa. Ta lura cewa yaran unguwar da larabci suke hira a bakin fili, amma da an fara wasa sai su juya Hausa: "Bar shi! Ta bayanka! Ba ni nan!" Abokan karawarsu 'yan gudun hijira ne daga Khartum da ke kwana a wata makarantar firamare, ba su jin ko zo in kashe ka, don haka Hausar ta zama sirrin 'yan gida. Ta koma filin sau uku. A zuwa na uku ta ji mai tsaron gidan 'yan Khartum, wanda takalman soso biyu ne alamar ragarsa, yana ƙwala wa ɗan bayansa kira: "Ta bayanka!" Ta kuma tambayi wani dattijo mai sayar da gyaɗa a wurin: "Baba, kai wa kake goya wa baya?" Ya ce shi dai ƙungiyar Hilal, abokiyar hamayyar Marrikh, yake yi tun yana yaro, don mahaifinsa ma Hilal ya yi, amma waɗannan yaran baƙi ne, kuma baƙo ba a yi masa ihu. Na sa ta karanta wa ajin sau biyu. Bayan nan ne na sake ɗauko zancen 1957, wannan karon su da kansu suka ce ashe maganar ita ce wa ake bari ya shiga fili.

Ni ma na sha nawa gyaran. Ranar 15 ga Oktoba 2024 Sudan ta ci Ghana biyu babu ko ɗaya. Wasan gida ne, amma a Bingazi ta Libiya aka buga shi, kuma kocinmu Kwesi Appiah ɗan Ghana ne. Mun kalle shi a wani shago, mutum kan mutum, an kunna janareta. Washegari wani ɗalibi ya karanta rahotonsa da murya irin ta 'yan rediyo: an yi wa Ghana luguden wuta, an kai hari ta dama, an harba roka cikin raga. Na gyaɗa kai, don haka na yi shekaru ina rubutawa. Matar kawuna, wadda ta gudo daga Omdurman, tana zuba mana jabana, wato gahawa, a gefe. Ta ajiye butar ta ce: "Ɗan nan, ka taɓa jin ƙarar roka a kan rufin ɗakinka?" Ta shige gida ba ta jira amsa ba.

Mun shafe sati guda muna neman wasu kalmomin. Abin da wuya fiye da yadda na zata, don larabcin ƙwallo da Hausarsa duk cike suke da hari da tsaro da ragargaza. Ɗayansu ya ari kalmomin kokawa, ya ce an kai Ghana ƙasa, wani ya ari na noma da girbi, abin da ya dace da garin riɗi da dawa. Wasu sun ce na cika tsanani, ƙwallo ba ta daɗi sai da zafin baki, kuma ban ce ba su da gaskiya gaba ɗaya ba.

A lokacin Hilal da Marrikh suna can Muritaniya suna buga gasar ƙasar, tunda ta gida ta tsaya. Aikin ƙarshe da na ba su shi ne kowa ya nemo mutum ɗaya da ke bin waɗannan wasannin ta waya, ya zauna kusa da shi har a tashi. Ɗalibar nan ta koma wurin mai gyaɗa. Ba shi da babbar waya, jikansa ne ke karanto masa sakamako, shi kuma yana tambaya ko Nuwakshot ɗin nan, babban birnin Muritaniya, ta kai Makka nisa.