Mayaƙan Chaos: tsufa suke yi ko ba sa mutuwa?

Jama'a, masu cewa mayaƙan Chaos (ɓangaren miyagun alloli) na wasan yaƙin Warhammer 40,000 ba sa mutuwa, a gyara zance. Suna tsufa, sai dai a hankali ƙwarai, saboda gaɓoɓi 19 da ake dasa wa kowane Space Marine, wato sojan da aka ƙara wa ƙarfin jiki, wanda shi ne asalinsu.

Lokaci ne ke rikita lissafin. Bayan tawayen da babban kwamanda Horus ya yi wa Sarkin 'yan Adam, shekara 10,000 baya a labarin, maciya amanar, wato mayaƙan Chaos ɗin, sun tsere cikin Eye of Terror, wani yanki na sararin samaniya inda lokaci ba shi da tsari. Wani 'yan ɗaruruwan shekaru ne suka wuce masa, wani dubbai. Ga babban jagoransu Abaddon nan daram har yau, tun zamanin Horus.

Rashin mutuwa na gaske sai wanda allolin Chaos suka ɗaukaka ya zama Daemon Prince, wato basaraken aljanu: ko an sare shi, Warp, duniyar aljanu, kawai ya koma, zai dawo. Wanda kyautarsu ta yi wa yawa kuwa, jikinsa kan rikiɗe ya zama Chaos Spawn, tulin tsoka da bakuna, babu hankali. Mabiya Nurgle, allan cuta, ruɓewa suke a tsaye, hanji a waje, ko a jikinsu. Yawancin rundunar Thousand Sons kuwa, tsafin babban matsafinsu Ahriman ya mayar da su ƙura cikin sulke.