Godiya bayan bikin Orlando: kowa ya isa gida lafiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi. Jiya da daddare baƙuwarmu ta ƙarshe ta kira daga Abuja ta ce sun sauka lafiya, suna jiran gari ya waye su kama hanyar Zariya. Sai a lokacin na sauke ajiyar zuciya. Kwana goma sha biyu rabona da barcin kirki, ƙafafuna a kumbure nake wannan rubutun, gobe kuma da asuba zan koma bakin aiki a asibiti. Saƙonninku sun fi ƙarfin in amsa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in haɗa kowa a nan. Wanda ban ɗaga wayarsa ba ya yafe mini, wallahi ba wulaƙanci ba ne.

Kun san abin da ya faru: guguwa ta rutsa da mu a jihar Florida ta Amurka ana gobe bikin 'yata. Da yawanku kun kwana a zaune tare da mu a daren Laraba 9 ga Oktoban 2024, kuna kallon taswirar guguwar Milton a talabijin kuna turo addu'a. Abin da ba ku gani ba shi nake so in faɗa.

Amarya 'yar fari ce, don haka ba zan kira sunanta ba. Na san akwai masu cewa me ya kai mu yin biki a wurin wasan yara. Ga dalilin. A shekarar 2005 marigayi mahaifinta ya kai mu Disney World da ke kusa da Orlando, tana 'yar shekara takwas. Muna cikin jirgin nan da ke tafiya a kan dogo guda a sama, sai ta hango wani farin ɗaki a bakin tafkin Seven Seas Lagoon, kusa da otal ɗin Grand Floridian, amarya tana fitowa daga ciki. Ɗakin biki ne, tun 1995 aka buɗe shi. Ta manna fuska a gilashi ta ƙi ɗagowa. Mahaifinta ya yi dariya ya ce, "In Allah Ya nuna mana, a nan za a yi naki." Allah bai nuna masa ba, ya rasu a 2017. Ita kuwa ba ta manta ba. Tun da ta fara aiki take ware wani abu daga albashinta, ban ma sani ba sai da aka sa rana.

An ɗaura aure a Zariya tun watan Satumba, waliyyai suka karɓi sadaki, aka shafa fatiha kamar yadda addini ya tanada. Na Orlando walima ce da sa hannu a takardar hukuma.

Masu tambayata ta akwatin saƙo yadda tsarin wurin yake, ga shi a taƙaice, domin shi ne ma ya kai mu ga waccan ranar. Tun shekara guda kafin biki ake sa hannu a yarjejeniya, a ba da kuɗin kafin alƙalami, a haɗa ku da ma'aikaciya guda da za ta riƙa bin lamarinku. Akwai mafi ƙarancin kuɗin da dole ku kashe, kuma ya danganta da wurin da kuka zaɓa da ranar mako da lokacin yini. Asabar ta fi kowace rana tsada, tsakiyar mako ya fi sauƙi. Abinci nasu ne, ba a shigo da na waje, ko da cincin ne. Da kai ake lissafi: yaro ɗan shekara 10 babba ne a wajensu, daga 3 zuwa 9 farashin yara. A kan kuɗin abincin sai a ɗora na hidimar ma'aikata, wanda ya kusa rubu'in kuɗin, sannan harajin kashi 6.5 cikin ɗari. Mun nemi naman halal tun da wuri suka yi mana, muka ce ba ma son giya a teburinmu, ba su ja da mu ba. Wata guda kafin ranar aka biya ragowar kuɗi duka. Babu ɗan gayyar soɗi. Mutum 48 muka rubuta, kujera 48 aka ajiye. Ni da na tashi a gidan da ake ɗora tukunya ba a tambayi adadin masu ci ba, wannan ya yi mini nauyi ƙwarai, na yi kwanaki ina share suna ina mayarwa.

Ko hoton da amare ke ɗauka a gaban fadar nan ta Magic Kingdom, ɗaya daga cikin filayen wasan Disney, yana da ƙa'ida. Ba a shiga cikin filin wasan da rigar amarci a lokacin da jama'a ke ciki. Da duku-duku ake zuwa, kafin a buɗe ƙofa, da mai hotonsu, kuma kuɗinsa daban ne. Takardar izinin aure ta jihar Florida dala 86 ce, ango da amarya suka je ofishin magatakardan kotu da kansu, tana aiki kwana 60. Jiran kwana uku da ake yi bai shafe su ba tunda ba mazauna jihar ba ne. 'Yan gida kuwa kowa sai da ya biya dala 185 kuɗin neman biza, ga dala a lokacin ta haura naira 1,600. Mutum goma sha huɗu suka nema, shida suka samu.

To saboda sauƙin tsakiyar mako muka zaɓi Alhamis, 10 ga Oktoba. An faɗa mana lokacin guguwa a can daga farkon Yuni ne zuwa ƙarshen Nuwamba, mun ji, muka ce Allah na nan. Ran Laraba da safe aka rufe filin jirgin saman Orlando, da rana aka rufe wuraren wasan, ran Alhamis ɗin kuma ba a buɗe ko ɗaya ba.

Gida muka kama haya a Kissimmee, wani gari kusa da wurin, don mu samu inda za mu yi kamu da sa lalle da abincinmu na gida, tunda can ba a shiga da shi. Mu ashirin da uku ne a ciki daren nan. Wajen takwas da rabi aka ce ta afka wa gaɓar teku ta wajen Siesta Key, kuma ta tsakiyar jihar za ta ratsa, wato ta kanmu. Kusan sha biyun dare wuta ta ɗauke. Wayoyinmu duka suka riƙa ƙarar gargaɗi a lokaci guda, yara suka ruɗe da kuka. Muka kwashe kowa muka koma siririn lungun da ke tsakanin ɗakuna, inda babu taga. Na ji iska a rayuwata, na ga hadarin farkon damina mai yaye kwanon gida a Zariya, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Ba ta tsagaitawa. Wani abu ya riƙa dukan bango ta baya kamar ana sara da gatari. Hajiya Kaka, kakar ango, wadda wannan ne fitarta ƙasar waje na farko in ban da aikin Hajji, tana jingine da bango da carbi, ba abin da ke fita bakinta sai Hasbunallahu wa ni'imal wakil. Ni ma'aikaciyar jinya ce, hannuna na kan wuyan hannunta ina ƙirga bugun jini, na san hawan jininta, na kuma san ko na kira motar asibiti ba lallai ta iya fitowa a cikin wannan iskar ba. Wannan ne tsoron da ban faɗa wa kowa ba sai yau.

A cikin wannan duhun yarinyar nan ta ɗora kai a cinyata, da lallenta ɗanye a hannu, ta ce a hankali, "Umma, ko don na nace ne? Na tara tsofaffi a nan, in wani abu ya same su fa?" Maganganun da aka yi ta yi a kanta wata da watanni, na almubazzaranci da na ƙaryar arziki, ashe duk suna cikinta. Bakina ya mutu, na rasa abin da zan ce mata.

Mahaifiyar ango ce ta matso a duhun, ta lalubo ta, ta janye ta daga jikina ta rungume. Ta ce, "Yi shiru, 'yata. Iskar nan ba ta san da bikinki ba. Alƙawarin mahaifinki kika riƙe, mu kuma da ƙafafunmu muka zo, ba wanda ya ɗauro mu. Ko a wannan lungun aka ce a miƙa mini ke, na karɓa da hannu biyu." Ta cire mayafinta ta lulluɓe ta. Haka suka zauna har aka fara jin iskar tana sassautawa gab da asuba. Hajiya, na san ba ki son a faɗa, kuma na san tsakanin surukai akwai kunya, amma ba zan iya haɗiye wannan ba. Duk wata fargabar da uwa ke yi ranar da za ta ba da 'ya, a daren nan kika cire mini ita. Allah Ya saka miki da gidan Aljanna, Ya jiƙan magabatanki, Ya sa 'ya'yanki su yi miki abin da ya fi haka.

Gari ya waye ba wuta, murhun gidan kuma na lantarki ne. Burodi da ruwan gora tun Talata suka ƙare a shaguna, gidajen mai da yawa babu mai. Yara suna jin yunwa, tsofaffi suna da maganin da ba a sha da wofin ciki. Wajen ƙarfe tara aka ƙwanƙwasa ƙofa. Direban da ya ɗauko baƙinmu daga filin jirgi ran Litinin ne, Bahaushen zangon Kumasi, wanda ya ji suna Hausa a bayan mota ya tanka musu. Sau ɗaya tak muka taɓa ganinsa. Yana tsaye da maiɗakinsa, ta ɗauko kuloli har huɗu: koko mai zafi da ƙosai, sai tuwo da miyar ayoyo. A kan ɗan murhun gas ta dafa a garejinsu, su ma ba su da wuta, reshen bishiya ma ya fasa musu shinge. Ta ce, "Maigida ya ce akwai baƙi daga gida da tsofaffi, na ce ba za su wuni haka ba." Na kawo kuɗi, ta ɓata rai har na ji kunya. Ta roƙe ni kada in ambace ta, to ban kira sunan yanka ba, amma Maman Biyu ta Kissimmee, duk wanda ya san ki ya san ke nake nufi. Kwana uku tana kawo mana abinci. Ranar Lahadi kuma babbar 'yarta ta zo ta sake zana wa amarya lalle, don na farko ya dame a daren nan. Hajiya Kaka ta sha kokon nan tana hawaye tana sa mata albarka, ni kuwa har yanzu in na tuna ƙamshin citta da kanumfarin da ya cika falon sai idona ya kawo ruwa. Allah Ya raya miki 'yan biyunki, Ya buɗa wa maigidanki ƙofofin arziki ta inda bai zata ba, Ya kai ku ɗakinSa ku da iyayenku.

Ma'aikaciyar da ke kula da bikinmu ta kira tun kafin in neme ta, ta samo mana safiyar Litinin 14 ga wata. Na gode mata, ta yi da zuciya ɗaya. An yi biki, kun ga hotuna. Mutum tara sun koma kafin ranar saboda aiki, kuma da uzurinsu. Biyu daga cikin kujerun da suka bari Maman Biyu da maigidanta ne suka zauna a kai, a teburin iyaye. Ta tagar da ke bayan liman ana hango fadar daga nesa, daidai inda yarinyar nan ta taɓa manna fuska tana kallo ta ɗaya ɓangaren. Ban iya ɗaga kai na kalla sosai ba.

Ƙarin kwana huɗu na haya da canjin tikitin jirgi ba ƙaramin abu ba ne bayan an riga an zazzage aljihu. Kawun amarya, ƙanena na Columbus, ya biya na gidan bai ko faɗa mini ba, sai a wajen mai gidan na ji. Matan ƙungiyarmu ta Maryland suka haɗa kuɗi cikin yini guda aka canza wa tsofaffi tikiti. Gwaggon ango ta tuƙo mota daga Atlanta ran Juma'a da buhun shinkafa da jarkokin ruwa. Ƙawayen amarya huɗu sun kwana a ƙasa mako guda ba wadda ta yi tsaki. Malaman Islamiyyar unguwarmu a Zariya sun sauke Alƙur'ani a daren Larabar. Surukina kuma ya nuna tarbiyyar gidansu. Allah Ya biya ku duka, Ya tsare ku daga tashin hankali irin wanda muka gani.

Waɗanda ba su samu biza ba, mun san zuciyarku na tare da mu, kun fi kowa kiran waya. Akwai kuma waɗanda ba sa buƙatar biza, tafiyar awa biyu ce a jirgi tsakaninmu, jininsu ne ake aurarwa, an ajiye musu kujera an biya. Ba su zo ba, ba komai, kowa da uzurinsa. Amma daren da duniya duka ke tambayar ko muna raye, marainiyar ɗan'uwanku ta duba wayarta ta sake dubawa. Na bar shi a nan. Allah Ya haɗa kanmu.

Ya Allah Ka jiƙan mahaifinta, Ka haskaka kabarinsa, Ka kai masa labarin cewa an cika. Ka ba yaran nan zaman lafiya da haƙuri da juna da zuri'a ɗayyiba. Mutanen Florida da suka rasa 'yan'uwa da gidaje a wannan guguwa, da wadda ta riga ta da mako biyu, Ka mayar musu da alheri, domin mu biki kawai aka ɗage mana. Wanda ya yi mana addu'a a ɓoye, Ka amsa masa tasa a sarari. Amin summa amin.

Maman Biyu, ƙaramar kularki mai ruwan ƙasa ta biyo kayanmu har Maryland, sai da muka buɗe akwati muka gan ta. Ba zan aiko da ita ta gidan waya ba. Da kaina zan kawo miki in Allah Ya kai mu hutun Disamba.