Waƙar da na ɗauka a ɗakina

Daren jiya na kammala ɗaukar waƙar da na tsara da jita, a ɗakina da ke unguwar Birni, nan Damagaram. Ban kunna amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sautin jita, ba; na jona jitar da kwamfuta ta ƙaramar na'urar sauti, sannan manhaja ta kwaikwayi sautin tsohuwar amfilifaya, har da ɗan kaushin nan da nake so. Tunda ta waya kiɗan yake shiga, ƙarar kabu-kabun da ke wucewa ba ta taɓa shi ba. Amsa-kuwwar da na ƙara wa kiɗan ce ta wahalar da ni, domin na cika ta har kiɗan ya dagule, sai da na rage kusan rabinta kafin kowace tsirkiya ta fito sarai.